Yadda Ake Fitar da Gamammiyar Amsa ga Ikweshan Mai Ɗauke da Sain

Idan aka rubuta wa ɗalibi sin x = 1/2 a allo aka ce ya nemo x, abin da zai fara yi shi ne ya ɗauko kalkuleta ya danna maɓallin sin⁻¹, ya shigar da 0.5, na'urar ta nuna masa 30, shi kuwa ya rubuta 30° ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ɗaya ce tak daga cikin amsoshin da ba su ƙirguwa, domin sain ɗin 150° ma rabi ne, haka na 390° da 510°, haka nan na −210° da −330°. Abin da ake nufi da gamammiyar amsa shi ne a samo gajeren rubutu guda wanda zai tattaro dukan waɗannan kusurwoyi, ba a bar ko ɗaya a waje ba, ba a kuma shigo da wadda ba ta cikinsu ba. Ikweshan kuwa ita ce jumlar lissafi mai alamar daidai a tsakiya, wadda ake neman darajar da za ta sa ɓangarorinta biyu su yi daidai.

Kafin a haddace wata ƙa'ida, ya kamata a ga inda yawan amsoshin ya samo asali. A kifar da keke kamar yadda mai faci yake yi, ƙafafu a sama, a shafa alamar alli a bakin taya ɗaya, a ɗauki tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar da bakinta a matsayin awo 1. A fara da alamar tana hannun dama, daidai da tsakiyar tayar a kwance, sannan a juya tayar saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Kusurwar da aka juya ita ce x, tsayin da alamar ta yi sama da tsakiyar tayar kuma shi ne sin x. A digiri 90 alamar ta kai ƙololuwa, tsayinta 1. A digiri 180 ta sauko ta hagu ta daidaita da tsakiya, tsayinta sifili. A digiri 270 tana can ƙasa, tsayinta −1, kuma a digiri 360 ta dawo inda ta tashi. Daga nan abubuwa uku suke fitowa fili. Na farko, alamar ba za ta taɓa wuce 1 a sama ko −1 a ƙasa ba, don haka duk wanda aka ce masa sin x = 1.2 ko sin x = −3 ba shi da wata kusurwa da zai nema, sai ya rubuta cewa babu amsa. Na biyu, kowane tsayi da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu, alamar tana ratsa shi sau biyu a zagaye ɗaya, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu. Na uku, da zarar an cika zagaye, komai yana maimaita kansa.

Sunan kansa yana da tarihin da ya dace da wannan hoto. Masana taurari na Indiya, irin su Aryabhata wanda ya yi rubutunsa a shekarar 499, suna kallon layin da ya haɗa maki biyu a bakin da'ira a matsayin tsirkiyar baka, suna kuma aiki da rabinta. Larabawa suka ari kalmar tsirkiyar suka rubuta ta da baƙaƙensu ba wasali, daga baya aka riƙa karanta ta jaib, wato wuyan riga ko inda ake cusa abu a jikin riga. Masu fassara littattafan Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12 suka mayar da ita sinus, mai ma'anar lanƙwasar tufa, daga nan aka sami sain. Wannan kalma ta jaib ita ce ta shigo Hausa ta zama aljihu, don haka sain da aljihu 'yan gida ɗaya ne.

Mu koma ga sin x = 1/2. Kusurwar da kalkuleta ta bayar, wato 30°, ita ake kira babbar amsa, kuma za mu riƙa yi mata laƙabi da α. An tsara na'urar ne ta yadda kullum za ta ba da kusurwa tsakanin −90° da 90°, wato rabin tayar na hannun dama kawai take kallo. Abokiyar wannan kusurwa tana hannun hagu, a tsayi ɗaya da ita, kamar mutum da hotonsa a madubi. Idan ta dama ta ɗaga da digiri 30 daga layin kwance, ta hagu ma ta ɗaga da digiri 30 daga nata ɓangaren, kuma tunda ɓangaren hagu yana kan 180°, kusurwarta ita ce 180° − 30° = 150°. Wannan shi ne dalilin ƙa'idar nan ta sin(180° − α) = sin α. Sai a ƙara wa kowace daga cikin biyun cikakkun zagaye, gaba ko baya, gwargwadon yadda aka ga dama. Saboda haka ga kowace ikweshan mai siffar sin x = k, inda k ke tsakanin −1 da 1, amsoshin jeri biyu ne:

x = α + 360°n

ko kuma

x = 180° − α + 360°n

A nan n cikakkiyar lamba ce kowace iri, wato 0, 1, 2, 3 har abin da ya yi sama, da kuma −1, −2, −3 har abin da ya yi ƙasa. Dole ne a rubuta wannan sharaɗi a ƙarshen amsa, domin idan n ta zama rabi ko sulusi, rubutun ya daina ba da amsa ta gaskiya. A misalinmu jerin farko shi ne x = 30° + 360°n, na biyu kuma x = 150° + 360°n.

Littattafai da yawa suna haɗe jerin biyu su zama ɗaya, su rubuta

x = 180°n + (−1)ⁿα

Ɗalibai kan firgita da ganin wannan, alhali ba wani sabon abu ba ne. Aikin (−1)ⁿ kawai shi ne sauya alama. Idan n lamba ce da 2 ke rabawa ba saura, kamar 0 ko 2 ko 4, to (−1)ⁿ ta zama 1, sai a ƙara α. Idan kuwa n irin su 1 ko 3 ko 5 ce, to ta zama −1, sai a debe α. A gwada da α = 30° a gani: n = 0 ta ba da 30°, n = 1 ta ba da 180° − 30° = 150°, n = 2 ta ba da 360° + 30° = 390°, n = 3 ta ba da 540° − 30° = 510°, n = −1 kuma ta ba da −180° − 30° = −210°. Su ne dai kusurwoyin da muka lissafa tun farko, suna fitowa ɗaya daga wannan jeri, ɗaya daga wancan. A ganina ya fi wa mai koyo alheri ya yi aiki da jeri biyu a rarrabe har sai hannunsa ya faɗa, domin kuskuren alama ya fi yawa a cikin haɗaɗɗen rubutun, musamman idan α ɗin kanta tana ƙasa da sifili. Haɗaɗɗen ya fi amfani wajen taƙaita amsa a ƙarshe da kuma gane ta idan ta zo cikin zaɓin tambayar jarrabawa.

Batun k da ke ƙasa da sifili yana bukatar natsuwa. A ɗauki sin x = −0.4. Kalkuleta za ta ba da α = −23.58° a kusance. Ba sai an canza ƙa'ida ba, a dai shigar da α da alamarta. Jerin farko shi ne x = −23.58° + 360°n. Jeri na biyu kuma x = 180° − (−23.58°) + 360°n, wato 203.58° + 360°n, tunda debe abin da ke ƙasa da sifili ƙari ne. A nan ne da yawa suke zamewa su rubuta 156.42°, wadda sain ɗinta +0.4 ne ba −0.4 ba. Idan aka tuna da tayar keke ba za a yi wannan kuskure ba, domin alamar da ke ƙasa da tsakiya dole ta kasance a rubu'i na uku ko na huɗu na da'irar, tsakanin 180° da 360°, ita kuwa 156.42° tana rubu'i na biyu. Idan tambayar ta ce a ba da amsa tsakanin 0° da 360°, to −23.58° ba ta cikin iyakar, sai a sa n = 1 a jerin farko a sami 336.42°. Wanda ke aiki da teburin lambobi huɗu, irin wanda aka saba gani a ajin shirin jarrabawar WAEC da NECO, zai nemi 0.4 a teburin sain ya sami kusan 23°35′, sannan ya mayar mata da alamar debewa da kansa, domin teburin kusurwoyin 0° zuwa 90° kaɗai yake ɗauke da su.

Akwai darajoji uku da jerin biyu ke narkewa su zama ɗaya. Idan sin x = 1, α ita ce 90°, abokiyarta kuma 180° − 90°, wato ita ce dai, saboda ƙololuwar taya wuri ɗaya ne, don haka x = 90° + 360°n. Idan sin x = −1, x = 270° + 360°n. Idan sin x = 0, amsoshin 0° da 180° suna da tazara ɗaya tsakaninsu, sai a rubuta x = 180°n a wuce.

Inda gamammiyar amsa ke nuna ainihin amfaninta shi ne lokacin da abin da ke cikin sain ba x tsura ba ce. A ce an ba mu sin 2x = √3/2, an ce a nemo dukan x daga 0° zuwa 360°. Mun san sin 60° = √3/2, don haka α = 60°. Mai gaggawa zai ce 2x = 60° ko 120°, ya raba da 2 ya sami 30° da 60°, ya tashi. Ya zubar da rabin amsoshin ke nan bai sani ba. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta gamammiyar amsar ga 2x ɗungurungum, tare da 360°n ɗinta, kafin a taɓa rabawa:

2x = 60° + 360°n ko 2x = 120° + 360°n

Sai yanzu a raba kowane yanki da 2, har da yankin da ke ɗauke da n:

x = 30° + 180°n ko x = 60° + 180°n

Abin lura shi ne 360°n ta koma 180°n. Ma'anarsa ita ce tayar tana gudu ninki biyu, tana cika zagaye a duk lokacin da x ta ƙaru da digiri 180, don haka a tsakanin 0° da 360° za ta yi zagaye biyu, ta ratsa tsayin da ake nema sau huɗu. Yanzu a riƙa sa wa n lambobi ɗaya bayan ɗaya. Da n = 0 an sami 30° da 60°. Da n = 1 an sami 210° da 240°. Da n = 2 an sami 390° da 420°, waɗanda suka wuce iyaka, sai a tsaya. Da n = −1 an sami −150° da −120°, su ma suna waje. Amsoshin su ne 30°, 60°, 210° da 240°. Wannan ya ba mu ma'aunin duba aiki: idan ikweshan ɗin sin mx = k ce, m cikakkiyar lamba ce sama da sifili, k kuma tana tsakanin −1 da 1 amma ba 0 ko 1 ko −1 ba ce, to a cikakken zagaye ɗaya na x ana sa ran amsoshi 2m. Wanda ya warware sin 3x = 0.3 ya tashi da amsa biyu ko huɗu ya san akwai saura, domin shida ne.

Idan an ƙara wata kusurwa a cikin bakan, tsarin bai sauya ba, matakin ne ya ƙaru. A ɗauki sin(2x + 30°) = −1/2. A nan α = −30°, abokiyarta kuma 180° + 30° = 210°. Sai a rubuta 2x + 30° = −30° + 360°n, ko 2x + 30° = 210° + 360°n. A fara debe 30° daga kowane ɓangare, a sami 2x = −60° + 360°n, ko 2x = 180° + 360°n. Sannan a raba da 2, a sami x = −30° + 180°n, ko x = 90° + 180°n. Tsakanin 0° da 360° jerin farko ya ba da 150° da 330°, na biyu ya ba da 90° da 270°. Ba a rufe aiki sai an mayar da aƙalla amsa ɗaya daga kowane jeri cikin tambayar. Da x = 150°, abin da ke cikin baka ya zama 330°, sain ɗinta −1/2 ne. Da x = 90° ya zama 210°, sain ɗinta −1/2 ne. Kuskuren da aka fi yi a irin wannan tambaya shi ne a fara debe 30° da rabawa da 2 a sami x ɗaya, sannan a zo a cire ta daga 180°. Dangantakar madubi tana tsakanin kusurwoyin da ke cikin sain ne, wato 2x + 30° gaba ɗayanta, ba ta shafi x ita kaɗai ba.

Wannan tunani ne kuma yake warware ikweshan da ke da sain a ɓangarori biyu. Idan sin A = sin B, to ko dai A da B wuri ɗaya suke a kan taya, ko kuma ɗaya hoton ɗaya ce a madubi, wato A = B + 360°n, ko A = 180° − B + 360°n. A gwada da sin 2x = sin x. Hanya ta farko ta ba da 2x = x + 360°n, wato x = 360°n. Hanya ta biyu ta ba da 2x = 180° − x + 360°n, wato 3x = 180° + 360°n, wato x = 60° + 120°n. Daga 0° zuwa 360° amsoshin su ne 0°, 60°, 180°, 300° da 360°. Na zaɓi wannan misali da gangan, domin akwai wata hanya mai kama da ta wayo wadda ke kai mutum ga asara. Wanda ya san sin 2x = 2 sin x cos x (cos x, wato kosain, shi ne nisan alamar daga tsakiyar taya a kwance, dama ko hagu) zai rubuta 2 sin x cos x = sin x, ya soke sin x a ɓangarorin biyu, ya rage da cos x = 1/2, ya sami 60° da 300° kawai. Sauran ukun sun salwanta, saboda sokewar nan rabawa ce da sin x, kuma a 0° da 180° da 360° sin x sifili ce, ba a kuwa raba abu da sifili. Daidai shi ne a kwaso komai zuwa ɓangare ɗaya a fitar da sin x waje, a rubuta sin x (2 cos x − 1) = 0, sannan a bi kowane yanki da kansa.

Wani lokaci sain tana zuwa a ninke da kanta, kamar 2 sin²x − sin x − 1 = 0. A sa harafin s a madadin sin x, sai ta zama 2s² − s − 1 = 0, wadda ke rarrabuwa zuwa (2s + 1)(s − 1) = 0, don haka s = 1 ko s = −1/2. Ta farko ta ba da x = 90° + 360°n, ta biyu ta ba da x = 210° + 360°n da x = 330° + 360°n. Duk wanda ya dubi 90°, 210° da 330° zai ga digiri 120 ne tsakanin kowace da mai bi mata, kuma daga 330° zuwa 450° ma haka ne, don haka ana iya dunƙule jerin ukun a rubuta x = 90° + 120°n. Ba kullum ake samun wannan dacewa ba, kuma ba laifi ba ne a bar su a rarrabe. Idan ɗaya daga cikin darajojin s ta fito sama da 1 ko ƙasa da −1, sai a yar da ita a bayyana dalili.

A manyan azuzuwa da jami'a ana auna kusurwa da radiyan, inda π ke daidai da 180°. Babu abin da ya canza sai tufafin: jerin biyu sun zama x = α + 2nπ da x = π − α + 2nπ, haɗaɗɗen kuma x = nπ + (−1)ⁿα. Ga sin x = 1/2, α ita ce π/6. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a gauraya awo biyu a layi ɗaya, irin 30° + 2nπ, kuma a dubi fuskar kalkuleta kafin a fara. Idan sin⁻¹ 0.5 ta ba da 0.5236 maimakon 30, na'urar tana kan radiyan ne, ba lalacewa ta yi ba.

Mai tambayar ina amfanin amsoshi marasa iyaka zai same shi a soket ɗin ɗakinsa. Wutar lantarkin da ake rabawa gidaje a Najeriya da Nijar ba a tsaye take ba, tana hawa da sauka ne bisa tsarin sain, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Inda ake lissafa ƙarfinta a kan bolt 230, ƙololuwar da take kaiwa ita ce 230 sau √2, kusan bolt 325. Zagaye 50 sau digiri 360 ya ba da digiri 18,000 a daƙiƙa, don haka idan aka fara ƙirga lokaci t daga sa'ad da ƙarfin yake sifili yana shirin hawa, ana iya rubuta v = 325 sin(18000t), v ƙarfin wutar a bolt, kusurwar a digiri, t a daƙiƙa. A ce ana son sanin lokutan da ƙarfin ke kan rabin ƙololuwarsa, wato bolt 162.5. Ikweshan ɗin ta koma sin(18000t) = 1/2, wadda muka fara da ita. Saboda haka 18000t = 30 + 360n, ko 18000t = 150 + 360n, kuma idan aka raba da 18,000 za a sami t = 1/600 + n/50, ko t = 1/120 + n/50. A nan n ba ta sauka ƙasa da sifili, tunda daga lokacin da aka fara ƙirga ake magana. Jerin farko shi ne lokutan da ƙarfin ke ratsa bolt 162.5 yana hawa, na farkonsu a daƙiƙa 0.00167. Jeri na biyu shi ne lokutan da yake ratsa ta yana saukowa, na farkonsu a daƙiƙa 0.00833. Kowannensu yana dawowa bayan daƙiƙa 0.02, don haka a daƙiƙa ɗaya ana ratsa wannan daraja sau 100. Tazarar da ke tsakanin lokutan biyu, daƙiƙa 0.00667 a kusance, ita ce tsawon lokacin da ƙarfin ke zama sama da bolt 162.5 a kowane zagaye, wato sulusin zagayen, daidai da digiri 120 da ke tsakanin 30° da 150°.